Filin Mai Fenti: ƙurar hunturu, omo, kashin jemage da sauran tambayoyinku

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sanyi. Tunda buji ya fara tashi saƙonnin da ke shigo min kusan duk a kan fenti suke, don haka masu tambayar inji da giya ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba. Sunaye na cire kamar yanda muka saba, gari kawai na bari.

Tambaya: Salam Malam, ina da baƙar Prado ko shekara ba ta yi a hannuna ba, daga Duwala aka kawo min ita tana sheƙi har kana ganin fuskarka a ƙofa, kullum da safe mai gadina yana goge ta tas da tsumma kafin in fita sabida ƙura, amma yanzu in ta tsaya a rana sai in ga wasu ƙananan zane zagaye-zagaye ko'ina musamman kan kafo, wato murfin injin, kuma baƙin ya koma wani toka-toka. Fentin ne na jabu ko ranar Njamena ce ta cinye shi? Daga wani Alhaji, Njamena.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, ranka ya daɗe. Fentin ba jabu ba ne, rana ma a wannan karon ba ta da laifi, tsumman nan na safe shi ya yi maka wannan aikin.

Fentin motar zamani hawa-hawa ne, akwai na ƙasa mai kare ƙarfe daga tsatsa, sai launin, sai berni a sama wanda shi ba shi da kala, shi ne mai ƙyallin. Duka in ka haɗa su kaurinsu bai cika wuce 0.1 zuwa 0.15 na milimita ba, bernin shi kaɗai wajen 0.04 ne ko 0.05, ko kaurin fallen takarda ɗaya bai kai ba. Ita kuma ƙurar da ke sauko mana ba laushi gare ta ba yanda ido ke gani. Yawancinta daga Bodele take tasowa can arewacin Cadi wajen Faya, gindin tsohon tafki ne da ya ƙafe, masana na lissafa shi wurin da ya fi ko'ina tada ƙura a duniya, kuma ku na Njamena da Kusuri kuna cikin farkon masu tarbarta. Akwai silika a cikinta, sinadarin yashi da gilashi, ya fi berni tauri nesa ba kusa ba. To in ta kwanta a kan mota ba ta yin komai tana nan zaune abinta, sai an ɗora busasshen tsumma an danna an murza, a nan ne tsumman yake komawa samfefa, kuma kullum safiya ake yi fa. Zanen ta ko'ina suke tafiya, hasken rana ne ke nuna maka su a zagaye. Farar mota ma tana da su, ba a gani ne kawai, baƙa da shuɗiya mai duhu su ne ba sa rufa asiri.

Ni dai a nawa ganin daga Nuwamba har Fabarairu motar da aka bari da ƙurarta ta fi wadda ake gogewa kullum lafiya. Na san da wuya, babban mutum ya fita da mota buɗu-buɗu, amma a hunturu ai kowa haka yake, ko an goge kafin ka kai ofis ta sake kwanciya. A jiƙa tawul a goge gilasai da fitilu da lamba don tuƙi, jikin a bar shi sai ranar wanki sau ɗaya a sati. In Juma'a ce ko ɗaurin aure kuma dole sai ta fito fes, a kwara mata ruwa daga sama ƙurar ta gangara da kanta sannan a tsane. Tsintsiyar gashin nan da ake sayarwa a bakin titi ta fi tsumma dama-dama amma ita ma jan ƙurar take a kan fenti. Yara masu rubuta sunansu da yatsa a jikin mota su ma a hana su, wani lokacin ko an wanke sunan yana nan in ka duba a rana.

Dan Allah kar ka yi wa mai gadin faɗa, shi a wajensa hidima yake maka kuma ba wanda ya taɓa gaya masa. Zanen da suka riga suka fito folish mai laushi zai ɗauke yawancinsu, amma ka bari sai ƙura ta lafa, na yi bayanin folish a ƙasa.

Tambaya: Baba ina wuni, ni ɗan makaranta ne ni nake wanke Corollar babanmu duk Lahadi, a unguwarmu famfo ba kullum yake kawowa ba sai mun saya wajen masu pus-pus shi ya sa bokiti ɗaya nake yi da omo da soson buhu, wani abokina ya ce wai omo na kashe fenti gaskiya ne? kuma yaya zan yi ta fita da ruwa kaɗan. Daga Domayo, Marwa.

Amsa: Lafiya lau ɗana, Allah ya yi maka albarka. Abokinka bai yi ƙarya ba amma ni soson buhun da bokiti ɗayan sun fi omon damuna. Soson nan ka mayar wa su Mama kicin na tukunya ne. Ka nemi tawul ɗin mikirofiba ko guda huɗu, masu kayan mota suna da shi har masu talla a danja suna yawo da shi, biyu na wanki, ɗaya na tsanewa, ɗaya kuma na taya da janti kaɗai kar ya taɓa hawa jikin mota har abada.

Jarka biyu ta lita 25 ta ishi Corolla in ka iya lissafi. Bokiti biyu za ka ajiye, ɗaya ruwan sabulu ɗaya ruwa zalla, kowanne kamar lita 8, sauran ruwan ka raba shi biyu, na jiƙawa da na ɗauraya. Ka samu gorar ruwa ta lita 1.5 ka huda murfin da ƙusa wuri da yawa ta zama abin feshi, in kuma akwai famfon feshin gona na goyo wanda ba a taɓa zuba masa magani ba to wannan ya fi komai, ruwa kaɗan yake ci kuma yana tura ƙura. Ka fara jiƙa motar tun daga rufi ba tare da hannunka ya taɓa ta ba, ka ba ta minti biyu uku datti ya jiƙa ya gangara. Sannan ka tsoma tawul a ruwan sabulu ka fara da rufi, gilasai, kafo, but, saman ƙofofi, ƙasan ƙofofi da bamba su ne ƙarshe don a nan yashi ya fi yawa. Kar ka danna, nauyin jiƙaƙƙen tawul ɗin ya isa, ka ja shi a miƙe. Duk ɓangaren da ka gama sai ka wanke tawul ɗin a bokitin ruwa zalla ka matse kafin ka mayar da shi cikin sabulu, amfanin bokiti na biyun kenan, in ka gama ka leƙa gindinsa ka ga yashin da ya kwanta, da bokiti ɗaya duk wannan jikin motar yake komawa. Tawul in ya faɗi ƙasa ya gama aiki na ranar, ɗauko wani.

Shi omo an yi shi ne don ya narkar da maiƙon tufafi, a ma'aunin pH yana kai 10 zuwa 11 alhali shamfun mota wajen 7 yake, sau ɗaya ba zai kashe fenti ba amma duk sati yana wanke waks ɗin da ke jiki, kakin nan da ake shafawa don kare fenti, robar gefen gilashi da baƙin filastik su yi fari su bushe, garin da bai narke ba kuma shi ma karce yake. Jabel, ruwan bilicin nan na wanki, kam ko kusa. Shamfun mota murfi ɗaya ko biyu ake sawa a bokiti, kwalba ɗaya sai ta yi maka watanni, ka gaya wa Baba ya saya ba asara ba ce. Ranar da babu, shamfun jarirai ya fi omo da sabulun kwano.

Lokaci kuma bayan sallar asuba ko la'asar sakaliya, a inuwa. Ka ɗora bayan hannunka a kafo, in da zafi ka jira. Tawul ɗin ka wanke su su kaɗai, ka shanya a igiya ba a ƙasa ba, in sun bushe ka ƙulle a leda don a hunturu ko a ɗaki aka bar su ƙura suke sha.

Tambaya: Malam barka da aiki. Motata ruwan toka ce mai duhu, da ruwan foraj ɗin gidanmu ake wanke ta amma da ta bushe sai ka ga fararen ɗigo-ɗigo a jiki da gilashi, an sake wankewa sun ƙi fita. Daga wata Hajiya, Kusuri.

Amsa: Barka kadai Hajiya. Ruwan ƙasa yana ɗauke da gishirin ƙasa, kalsiyam da magnesiyam, ruwan ya ƙafe ya tafi su kuma su zauna, ɗigon da kike gani kenan, irin farin da ke taruwa a bakin famfo. A ranar Afrilu jikin mota mai duhu yana wuce digiri 70, ɗigon ruwa ba ya minti ɗaya a kai, shi ya sa wankin tsakar rana ya fi kawo wannan. Sabulu ba ya cire shi. Ki sa a samo farin khal, binegar ɗin nan na salad, a haɗa rabi da rabi da ruwa mai kyau, a jiƙa tawul a shimfiɗa a wurin minti ɗaya ko biyu motar tana inuwa da sanyinta, a ɗauke a ɗauraye sosai. Kar a bari ya bushe a kai, kuma a sani yana tafiya da waks sai an sake shafawa. In an yi sau biyu ana ganin zoben har yanzu to ya riga ya ci cikin berni, sai folish.

Don gaba, yaron ya riƙa wankewa gefe-gefe yana tsanewa nan take, ba ya wanke ta duka ya tafi shan shayi ba. In kuna da kilim, na'urar sanyaya ɗaki, a gida ki sa bokiti mai tsabta inda yake ɗiga, ruwan nan kusan babu gishiri a cikinsa, da shi za a yi ɗaurayar ƙarshe. Ruwan sama ma haka banda na farkon damina da ke wanko ƙurar kwano. Masu ɗebo na kogi kuma, Logon ne ko Shari ko Binuwai, su bar shi ya kwana a duro yashin ya kwanta sannan su ɗebi na sama.

Tambaya: Yallaɓai a wurin aikinmu ba rumfa, ƙarƙashin darbejiya da wani mangwaro muke fakin, tsuntsaye da jemagu sun dame ni, wani kashin na bari kwana uku da na goge sai na ga wurin ya yi tabo kamar an ƙona, ga wani danƙo da ke ɗigowa. In koma fakin a rana ne? Daga wani ma'aikaci, Garwa.

Amsa: A'a ɗan'uwa, ranar Garwa ba abin da za ka miƙa wa mota da hannunka ba ne, a Maris da Afrilu ana wuce digiri 40 a inuwa ma, fenti da dashbod da fitilu duk sai sun ji a jikinsu. Inuwar ta fi, sai dai tana da haraji. Tsuntsu ba ya fitsari daban, farin nan da ke cikin kashinsa shi ne fitsarin kuma asid ne, na jemage mai cin 'ya'yan itace shi ma tsami gare shi ga ƙananan ƙwallaye masu karce a ciki. Da rana berni yana yin laushi don zafi, da dare ya sake ƙanƙamewa da kashin manne a kai sai ya ɗauki siffarsa, tabon kenan. A zafinmu yini ɗaya ya isa, kwana uku kam an makara.

Ka ajiye gorar ruwa da tawul ɗaya a but. Da ka gani ka jiƙa tawul ka ɗora a kai ka bar shi minti biyar zuwa goma har ya yi laushi, sai ka ɗauke shi sama, kar ka dirza, kar ka kankare da farce ko makulli. Danƙon itace a fara da ruwan ɗumi da shamfu, in ya ƙi ka sayi alkol na 70 a farmasi ka ɗiga a tawul ka danna a kan danƙon kaɗai har ya narke sannan ka ɗauraye. Mangwaro lokacin fure da 'ya'ya ya fi darbejiya ɓarna, ƙaron sa da ƙarfi yake. Ita ma darbejiya in 'ya'yanta sun nuna suna zubowa jemagu suna biyo su da dare, mutanen Marwa da kusan kowane titi ita ce sun san wannan. Bishiyar da balbelu ke kwana a kai kuwa ka duba ƙasanta, in ka ga ta yi fari fat ka nemi wata. Ku haɗa kuɗi ku da abokan aiki ku kafa rumfar zana mana, ai ba ta kai kuɗin fentin kafo ɗaya ba.

Tambaya: Oga ni direban Hiace ne ina yin Garwa Marwa wani lokaci har Kusuri ta Mora da Dabanga, in an bi inda ake gyaran hanya kwalta na fallatsa a gefen mota baƙi-baƙi, da damina ga laka ga ƙwari a gaba in an yi tafiyar dare. Yaran labaj, wurin wankin mota, suna zuba gazuwal, man dizal, a ruwan ɗauraya mota ta fito tana walƙiya wasu ma man birki suke shafa wa taya, wannan ba matsala? Daga wani direba, Garwa.

Amsa: Sannu da hanya direba. Gazuwal ɗin nan walƙiyar yini ɗaya ce, maiƙo ne ya kwanta ya rufe ƙananan karce, kafin ka kai Figil ya kama duk ƙurar hanya ya riƙe, gobe a sake dirzawa, ga robobin ƙofa da na waifa yana kumbura su. Ka hana su. Inda gazuwal ko kananzir ke da amfani shi ne kwaltar da ka ce, a ɗiga a tawul a ɗora kan ɗigon kwaltar kaɗai minti biyu uku, za ka ga ta narke tana gangarowa, a share a hankali sannan a wanke wurin da sabulu nan take. Banda tina, banda fetur, banda reza.

Man birki kuma wallahi shi ya fi duk abin da ka lissafa haɗari, in ya taɓa fenti cikin mintuna yake fara cin sa har ya kumbura ya tashi, kuma wanda aka shafa wa taya da ka ɗau gudu zai watsu a gefen mota. In ya zuba bisa kuskure, wajen makaniki ko a gida, kar a tsaya neman tsumma, ruwa mai yawa a kwara, yana bin ruwa. Tunda muna maganar mai, masu sayen zuwa-zuwa, fetur ɗin kwalba na bakin hanya, ku lura da wanda ke tsiyaya ƙasan bakin tanki in ana juye kwalba, shi ke barin dogon tabon nan rawaya-rawaya, a bi shi da ruwa tun yana ɗanye.

Baƙar lakar nan ta wajen Waza da Dabanga in ta bushe tauri take sosai, kar a ɓanɓare ta a bushe, a jiƙa a jira a sake jiƙawa. Wadda ke jikin ƙofa ma ba ta kai ta ƙarƙashin madigadi ba, can take maƙalewa ta riƙe danshi har tsatsa ta huda ƙarfen daga ciki, kai kana ganin fenti lafiya sai wata rana ya yi ƙuraje. Ka sa yaro ya sa tiyo can ciki, kuma a ƙasan kowace ƙofa akwai ƙananan ramukan da ruwa ke fita, a buɗe su da tsinke. In labaj ɗin masu Kärcher ne, injin nan mai fesa ruwa da ƙarfi, su ja baya ko santimita 30, kar su saita shi kan inda fenti ya riga ya ɓalle ko inda aka yi mastik, cikon da ake yi wa jikin mota kafin fenti. Ƙwari kuma maganinsu ɗaya da kashin tsuntsu, jiƙaƙƙen tawul a kan bamba da kafo da ka sauke fasinja, kar su kwana biyu.

Tambaya: Kawu ina da jar Carina E tsohuwa, jan ya koma kalar hoda ba ƙyalli ko kaɗan, maƙwabcina kuma farar Hilux gare shi in ka jingina sai rigarka ta yi fari, wani yaro ya ce zai mana folish da giranda. Kuma mene ne bambancin folish da waks ni duk ɗaya nake ɗaukarsu. Daga Sabongari, Ngaundere.

Amsa: Ɗana ka riƙe makullinka, kar ka ba mai giranda. Giranda ta yankan ƙarfe tana juyawa wajen sau 11,000 a minti, injin folish na gaskiya tsakanin 600 da 3,000 yake, kafin ka ce kwabo ya ƙone fentin a kan kusurwoyi har ka ga na ƙasa.

Folish cirewa yake, akwai gari mai laushi ƙwarai a cikinsa da ke kankare saman fentin da ya mutu har a kai ga mai rai. Waks kuma ɗorawa yake, ba ya gyara komai, rufi ne tsakanin fenti da rana da ruwa. Don haka folish sau ɗaya a shekara ma ya yi yawa ga wasu motocin tunda kowane yi yana rage bernin da ba ya dawowa, waks kuwa ko yaushe ka ga dama.

Kafin komai ka yi gwaji, ka ɗiga folish kaɗan a farin ƙyalle ka murza a wani lungu. In ƙyallen ya yi ja to fentinka ba shi da berni, launin ne a waje, kuma albishirinka irin wannan shi ya fi dawowa, jar Carina ta shekarun 1990 da ta koɗe sai ka ga ta dawo ja jawur. Hilux ɗin maƙwabcinka ma alama haka ne, farin Toyota mai lamba 040 a kan yawancin tsofaffin Hilux da Land Cruiser ba berni a kansa shi ya sa yake yin alli. In kuma ƙyallen bai ɗau kala ba akwai berni, a nan sai a duba, in dusashewa kawai ya yi folish zai taimaka, amma in ya fara yin fari-fari yana saɓulewa a rufi da kafo to ya mutu, duk wanda ya ce yana da man da zai dawo da shi kuɗinka yake so, sai mai fenti.

Yanda za ka yi da hannu, ka wanke ta ka tsane, ka sa hannunka a leda siririya ka shafa jikin, in ka ji gurzi-gurzi akwai abin da ya manne wanda wanki bai cire ba, jar ƙasar nan taku ta Adamawa ta iya wannan. Akwai wani ƙullu mai danƙo da ake sayarwa don haka, masu shago suna ce masa arjil, ana fesa ruwan shamfu a shafa shi a kai a hankali yana tsince su, in babu ka wuce ba dole ba ne. Sai folish, wuri kaɗan-kaɗan kamar santimita 40 a 40, da soso mai laushi, ka murza har ya kusa ɓacewa ka share da tawul mai tsabta ka matsa gaba, a kan kusurwa ka sassauta hannu don fenti ya fi siranta a nan. Aikin yini guda ne kuma kafaɗa za ta gaya maka, ka raba shi kwana biyu in ka so. Karce kuma ka ja farce a kai, in farcen ya maƙale ya yi zurfi folish ba zai cire ba sai dai ya rage ganinsa.

Da ka gama ka sa waks a ranar, in ba haka ba jan nan wata biyu ya sake koɗewa. Siriri ake shafawa, ya yi hazo a share, mai yawa wahalar cirewa kawai yake ƙarawa. Na gwangwani mai karnuba, kakin ganyen wata bishiya ce ta Birazil, ƙyallinsa da kyau amma a zafin arewa da ƙyar yake wuce wata ɗaya zuwa biyu, na roba da ake haɗawa a masana'anta yana kai wata huɗu zuwa shida, ni shi nake ba mutanenmu shawara. In ka watsa ruwa ya daina dunƙulewa yana shimfiɗewa to lokacin sabo ya yi. Seramik, wani rufin fenti da ake ta talla a Facebook, yana daɗewa fiye da su duka in na gaske ne kuma an gyara fentin kafin a sa, amma shi ma busasshen tsumma yana zana shi.

Tambaya: Tamfol ɗin rufe mota yana da amfani a hunturu? Daga Mokolo.

Amsa: In motar a wanke take kuma za ta yi kwanaki ba a taɓa ta ba, e, mai laushi daga ciki kuma a ɗaure shi tam. Amma a rufa shi kan mota mai ƙura iska na kaɗa shi dare da rana, gara babu. Baƙar ledar gini ko tamfol ɗin kamyo kam a'a.

Tambaya: An yi min sabon fenti satin da ya wuce, in sa waks? Daga Abeshe.

Amsa: Ka dakata ƙanena, fentin gareji yana ci gaba da bushewa daga ciki, ka ba shi wata ɗaya zuwa uku. Wanki da ruwa da shamfu kaɗan ba laifi bayan sati biyu.

Tambaya: Magina sun fallatsa min siminti a ƙofa ya bushe, kuma duwatsu sun ɓalle fenti ƙanana-ƙanana a kafo har na fara ganin tsatsa. Daga wata malamar makaranta, Gidar.

Amsa: Malama simintin khal ɗin da na gaya wa Hajiyar Kusuri shi ne maganinsa, a jiƙa tawul a ɗora a yi ta sabuntawa har ya yi laushi ya saki da kansa, zai ɗau lokaci, a ɗauke shi da ruwa kar a ja shi a kan fenti. Wuraren da suka ɓalle kuma ki buɗe ƙofar direba ki duba takardar da ke manne a ginshiƙin, wasu motocin a cikin kafo take, a Toyota za ki ga C/TR, lambobi uku na farko su ne kalar motarki. Ki kai wa masu haɗa fenti su haɗa miki ɗan kaɗan a kwalba. A kankare tsatsar da bakin ƙaramar samfefa iya ramin kawai, a share da alkol, sannan a ɗiga fentin da tsinken sakace ba da buroshi ba, ɗigo ɗaya a bari ya bushe a ƙara wani har ya cika, a yi shi kafin ruwan farko ya sauka.